Kwalin Fiya a Firjinmu

Asabar, bayan La'asar

Yau Malam ya dawo da kwali a kafaɗa yana haki, don lif ɗin gidan nan ya sake mutuwa. Ko zama bai yi ba ya wuce kicin, ya buɗe firji, ya fara fito min da kayana: miyar kukar jiya, nono, ragowar ful, dafaffen waken mutanen nan, har ƙwan da nake tattali. Ya zare kantocin ciki, ya tura kwalin, ya rufe. Ya ce, "Mardiya, wannan a nan zai zauna. Amanar wurin aiki ce."

Na ce, "To miyata fa, a ina za ta zauna?"

Ya ce, "A cikinmu." Bai yi dariya ba, ni ma sai na fasa tawa.

Fiya ce a ciki, wadda mutanen nan ke kira afukado. An ɗaure kwalin da waya, an manna wata 'yar dalma mai hatimi. Abin da na sani kaɗan ne. Malam yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, amma da safe yana yi wa wani Ustaz Husam tafinta, mai shigo da kayan marmari, ofishinsa a Ma'adi. Kwantena guda ta fiya daga Kenya ta maƙale musu a tashar jiragen ruwa, masu duba kayan abinci sun hana ta fita.

Ni dai ba ruwana da fiya. Cikina ya shiga wata na takwas, na fari ne, kuma gida zan je in haihu. Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe, a gabanta za a yi. Akwatina a shirye yake tun makon jiya.

Lahadi, da hantsi

Na buɗe durowa in ɗauki fasfona, don likita ta ce in zo da shi za ta rubuta min takardar shiga jirgi. 'Yar baƙar jakar da muke ajiye fasfunanmu ba ta nan. Na zazzage durowar, na ɗaga katifa, na duba har bayan littattafansa. Na kira shi, ya ce min, "Sai na dawo."

Lahadi, bayan Magariba

Sai da na tsare ƙofar ɗaki da wannan cikin nawa kafin ya yi magana.

Ashe shi ya haɗa Ustaz Husam da mai fiyar. Mai fiyar yayan wani abokin karatunsa ne. Abokin Sulaimanu sunansa, ɗan Kenya da suke haddar Alƙur'ani tare. Malam bai taɓa ganin yayan ba, bai taɓa ganin gonar ba. Amma an ci abinci a kwano ɗaya da ƙanin, shi ke nan, sai ya tsaya masa. Da kayan suka maƙale, Husam ya ce masa a gaban mutane, "Kai ka kawo min shi, ya Ja'afar. Gobe in ka hau jirgi, wa zan kama?" Malam ya ji kunya, ya ji haushi. Ya ciro jakar daga aljihu ya ɗora a kan tebur ya ce, "Ga fasfona. Riƙe har kayanka su fito."

Ranar kuwa hanyar sabunta mana iƙama zai bi, takardar izinin zamanmu. Shi ya sa jakar take jikinsa. Nawa fasfon ma yana ciki.

Na ce, "To je ka karɓo nawa." Ya ce wai in ya koma ya ce a ba shi ɗaya, kamar ya janye maganarsa ne. Kwana kaɗan ne, za a sake gwada fiyar nan ta firji, in ta wuce komai ya warware.

Na ce, "Malam, kai ka yi jarunta, ni aka jingina." Ya sunkuyar da kai. Haushinsa nake ji, kuma tausayinsa nake ji, ban san wanne ya fi yawa ba.

Talata, da azahar

Zafi. Fanka iska mai ɗumi take kawowa. Firji na ta gurnani.

Laraba, bayan La'asar

Hala Mahasin ta hawo, maƙwabciyarmu ta ƙasa. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro su. Hausarta irin ta kakanni, Larabci ya cinye rabi. Ta kawo min karkade mai sanyi, ta ce, "Ya bitti, iƙamarku ta kusa mutuwa, fasfo ba ya hannu, kar ki sauka ƙasa. Ana tare mutane a bakin titi ana tambayar waraga, takardar zama. Abin da kike so, sauke sabat."

Na zama 'yar baranda ke nan. In sauke sabat ɗin, wato kwando da igiya, mai shago ya sa min burodi da tumatir, in ja. Mutanen unguwarmu Hayyin Ashir duka na wucewa a ƙarƙashina, masu tuktuk mai ƙafa uku, mai gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, 'yan Sudan da farin rawani, ni ina sama ina kallo.

Likita na kira a waya. Ta ce in ban zo kafin watan nan ya ƙare ba, ba za ta sa hannu ba, kuma kamfanin jirgi ba zai ɗauke ni ba.

Da Malam ya dawo na tambaye shi, "Wai me suka ce fiyar ta yi?" Yana cire takalmi ya ce, "Sun ce ɗanya ce. Doka ce da su, in ba ta kai ba, ba ta shiga ƙasa." Ya shige banɗaki. Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Alhamis, da hantsi

An ɗage gwajin zuwa wani makon. Wai na'urarsu ce, wai ma'aikacin ya tafi hutu. Bukura, bukura. Goben mutanen nan ba ta wayewa.

Tun safe nake buɗe firjin nan ina rufewa. Na zura yatsa ta ramin kwalin na taɓa guda. Dutse.

Ni 'yar mai kayan marmari ce. A kasuwar 'Yan Lemo Baba ya yi rayuwarsa, a cikin ƙamshin nukakkiyar ayaba na buɗe ido. Ba a kawo mana mangwaro ko ayaba nunannu daga kudu, ɗanyu suke zuwa, mu muke nuka su. A sa a buhu, a rufe, a ajiye a lungu mai ɗumi, kwana kaɗan ka ga sun yi jawur. Wa ya taɓa ganin an ce abu ɗanye ne, sannan a sa shi a sanyi a zauna ana jiran ya nuna? Malam ya san Nahawu da Balaga, amma ban taɓa ganin ya zaɓi kankana mai kyau ba.

Juma'a, yana masallaci

Na sauke sabat na sayi ayaba. Da ɗan yawa.

Buhun shinkafar nan da na ce kar a yar ma ya yi rana.

Asabar, da walha

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Na yanke wayar da almakashin kifi. Na kwashe fiyar na haɗa da ayaba a buhu, na naɗe da tsohon bargo, na tura ƙarƙashin gado. Kwalin na mayar firji yadda yake, na juya wajen dalmar ya kalli bango. In sun nuna zan mayar da su in murɗe wayar, ranar gwaji mutumin ya danna da yatsa ya ji laushi, a saki kaya, a ba ni fasfona.

Da ya dawo ya ce ɗakin na ƙamshin ayaba. Na ce kwaɗayin masu ciki ne. Ya ce Allah Ya raba lafiya.

Litinin, bayan Asuba

Na duba. Ayaba ta fara ɗige-ɗige. Fiya tana nan yadda take.

Talata, bayan La'asar

Inna ta kira. Ta ce yaushe ne dai jirgin, Yaya zai nemi mota ya tarye ni. Na ce ana ɗan gyaran takardu ne. Ta ce muryata ba ta yi mata ba. Na ce zafi ne. Ta ce in riƙa shan ruwa, kar in ɗauki abu mai nauyi, kar in riƙa sunkuyo.

Tana faɗa ina durƙushe a gaban gado, hannuna a cikin buhu.

Laraba, da azahar

Ayabar ta yi baƙi ƙirin, na kwashe na ba Hala Mahasin ta yi fanke da ita. Fiyar kuwa wani abu take yi da ban taɓa gani ba. Ba ta nuna ba, yamushewa take yi. Wuyanta ya tattare kamar fatar gwiwar hannu. In na danna sai ta lotsa ta dawo, laushin roba. Na yanka guda, cikin fari-fari, ruwa-ruwa, ba maiƙo ko kaɗan, ɗaci a harshe.

Na ƙara musu sabuwar ayaba. Ban san me ya sa ba. Na ƙara dai.

Alhamis, bayan Magariba

Gobe ba aiki, jibi gwaji. Ya ce bari ya duba kwalin.

Ina tsaye a ƙofar kicin ya sa hannu biyu zai ɗago abu mai nauyi, kwalin ya taso masa fayau har ya kusa faɗuwa baya. Ya kalli wayar. Ya kalle ni. Ban jira tambaya ba, na je na jawo buhun na ajiye a gabansa. Na ce, "Nukawa na yi. Ka ce ɗanya ce."

Da ma ya yi faɗa. Da ya ɗaga murya da na samu abin riƙewa, in ce ai kai ka fara. Zama ya yi a ƙasan kicin ya jingina da firji, ya fara min bayani a hankali kamar yana biya wa ɗalibi karatu.

Ya ce ba da yatsa suke gwadawa ba. Ba ruwansu da laushi. Kowace fiya da tauri ake tsinkarta, da tauri ake ɗaukarta a jirgin ruwa, haka ake so. Abin da dokarsu ke tambaya shi ne ko ta ƙosa a kan bishiya kafin a tsinke ta. Sai su yanki tsokarta su auna a sikeli, su busar da ita a tanda har ruwan ya ƙone, su sake aunawa. In abin da ya rage bai kai yadda doka ta ce ba, an yi gaggawar tsinka, kuma irin wannan ba ta nuna har abada, sai dai ta lalace a hannun mai saye. Gwajin farko kaɗan ya rage su wuce, shi ya sa aka ba su damar na biyu. Sharaɗin ɗaya ne: kwalin ya zo a sanyi, da hatiminsa.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa min haka tun ranar?"

Ya ce, "Ban so in ɗora miki damuwa ba."

Na ce, "To ga shi na ɗauka da kaina."

Garin neman gira na rasa ido. Na yi kuka har ɗan cikin ya dinga motsi.

Juma'a, da hantsi

Ya yi shayi da kansa. Ya zuba min. Na sha.

Asabar, bayan La'asar

Ya tafi da kwalin wofi, ya dawo ba shi. Babu gwaji na biyu. Kwantenar za a mayar inda ta fito, ko a zubar, ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Na ce me ya faɗa wa Husam. Ya ce, "Na ce ni na buɗe." Na ce ƙarya ka yi kenan, kai da kake wa mutane wa'azi. Ya ce, "A gidana aka buɗe. Ni ne." Jakar tana nan a durowar mutumin. Yanzu cewa yake Malam da gangan ya ɓata samfurin don ya rufa wa mutanensa asiri.

Na mayar da kantocin firji. Na sa miyata a ciki. Wuri ya yi yawa.

Litinin, da azahar

Iƙamarmu ta mutu yau.

Talata, da azahar

Ya daina zuwa darasi. Yanzu mu biyu ne a baranda. Gida ɗaki ɗaya da falo, in na juya shi ne, in ya juya ni ce, kowa na ba wa ɗan'uwansa hanya da ladabi kamar baƙi. Sulaimanu, ƙanin mai fiyar, ya kashe wayarsa.

Akwatin yana bakin ƙofa. Na yi tuntuɓe da shi sau biyu, na ƙi matsar da shi.

Laraba, bayan Magariba

Yau na fita.

Hala Mahasin ce ta hawo da safe ta same ni ina kuka a kan tukunya. Na kwashe komai na faɗa mata. Ta dafe kai ta ce, "Sajami! Maza biyu na ja-in-ja da girman kai, ke ce igiyar? Yalla, sa mayafinki." Malam ya tare ƙofa ya ce hanya ba lafiya. Ta ce masa, "Ya waladi, ni na ƙetaro sahara da jikoki uku. Matsa." Ya matsa.

Tasi muka shiga, na rungume ledar fiyar a cinya. Duk inda na hango masu kaki sai in ƙara jan mayafina. Ba wanda ya ko kalle mu. Ma'adi duk bishiyoyi, shiru, kamar ba a gari ɗaya muke da su ba.

Na zata zan ga ƙaton mugu. Wani ɗan tsamurmurin dattijo na gani, idanunsa jajaye, ga kofunan shayi sun taru a gabansa. Hala ce ta yi min tafinta. Na juye fiyar a teburinsa na ce ni na yanke wayar, da almakashin kifi, mijina bai sani ba. Na faɗa masa yadda muke nuka ayaba a garinmu. Ya ɗauki guda ya juya ta, ya danna, ya sa wuƙa ya raba, ya daɗe yana kallon cikin.

Ya ce, "Da ayaba kika haɗa ta, har tsawon wannan lokaci, ta yi haka?" Na ce e.

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "To ko an gwada sau goma ba za ta wuce ba. Khalas. An cuce ni tun daga gona." Sai ya kalli cikina, kamar sai lokacin ya gan shi. Ya tambayi Hala wani abu, ta ba shi amsa da faɗa-faɗa. Ya jawo durowa, ya zuge jakar, ya ga fasfo biyu. Wallahi na yarda bai taɓa buɗe ta ba.

Ya miƙo min nawa da hannu biyu. Ya ce, "Ma'alish ya madam. Me ya hana shi faɗa min?" Na Malam kuwa ya mayar ya rufe. Ya ce wannan tsakaninsu ne, sai mutumin Kenya ya ɗauki waya.

A tasi na riƙe fasfon a cikin rigata har muka iso.

Alhamis, bayan La'asar

Ba a fita ƙasa da matacciyar iƙama sai an je ofis an daidaita. Mun je da Hala, mun wuni a layi, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Tawa a jikin ta mijina take, suna son ganin nasa. Husam ya yarda ya aiko da hoton shafukan. An ce mu dawo bayan hutun mako.

Lahadi, da azahar

Mu dawo Talata.

Talata, bayan Magariba

An buga hatimin. Malam ya yi sujada a falo. Ni ban yi murna ba tukuna, don wata ya riga ya mutu.

Laraba, bayan Azahar

Likita ta auna ni, ta duba na'ura, ta duba ƙafafuna. Ta cire tabarau. Tun kafin ta buɗe baki na sani. Ta ce kan yaro ya riga ya sauko, jinina ya ɗan hau, ko 'yarta ce ba za ta sa mata hannu ba. Na roƙe ta da Larabcina na kasuwa, na ce sa'o'i kaɗan ne a sama, na ce uwata na jirana. Ta dafa hannuna ta ce, "A nan za ki haihu, ya habibti."

Fasfon na cikin jakata, da sabon hatiminsa.

Alhamis, da hantsi

Na kira Inna. Malam ya ce bari shi ya yi mata bayani, na ce a'a, uwata ce.

Na ce, "Inna, ba zan samu zuwa ba." Ban kawo maganar fiya ba. Ta ina zan fara? Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gidanmu, ina jin wani yana jan guga.

Ta ce, "Lafiyarki ƙalau dai?" Na ce ƙalau. Ta ce, "Akwai babbar mace kusa da ke?" Na ce akwai. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Haihuwa ta Allah ce, ko'ina Yana nan." Muryarta ba ta ko yi rawa ba. Har na fara jin sauƙi.

Sai ta manta ba ta kashe wayar ba. Na ji ta ajiye ta a kan wani abu, na ji takunta, na ji ta ƙwala wa Yaya kira. Ta ce, "Itacen wankan nan da na tara a bayan ɗaki, ka kwashe ka kai wa matar mai shayin nan, ita ma ta kusa." Ya ce ba za a bari ba ko zan zo daga baya? Ta ce, "Kwashe dai. Ba na son ina wucewa ina ganinsa."

Daga nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Inna na kuka.

Ban kashe ba. Na riƙe wayar a kunne har katin ya ƙare.